Shaidar Likita da Rajistar Makaranta: Yaro Mai Larurar Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ƙasar da ta miƙe daga Funtuwa, garin Sarkin Maska, ta ratsa Bakori da Ɗanja da Kafur har ta kai Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ita ce rumbun Jihar Katsina. Nan a ke noma masara da dawa da auduga da waken suya, nan ne kuma aka kafa ɗaya daga cikin manyan shirye-shirye uku na farko na raya aikin gona da Bankin Duniya ya taimaka wa a Nijeriya, cikin 1975. Mutumin wannan ƙasa ba ya ganin kuɗi a dunƙule sai da kaka. Saboda haka duk bukatar da ba ta gaggawa ba, jiran kaka ta ke yi, ko ginin ɗaki ne, ko aurar da 'ya, ko kai yaro wurin likita in ciwonsa ba mai kwantarwa ba ne.

Akwai kuwa irin ciwon da ba ya kwantar da yaro ko kaɗan. Wani ya kai shekara huɗu bai haɗa kalma biyu ba. Wani in an kira sunansa sai ya yi kamar ba da shi a ke ba, alhali kuwa yana jin ƙarar murfin kwano daga bayan ɗaki. Wani ga baki ga wayo, amma ba ya iya zama wuri guda gwargwadon a karanta Fatiha. Wani kuma ya shekara uku a aji bai rarrabe baƙi da baƙi ba. Likitoci sun tara waɗannan duka ƙarƙashin babi ɗaya, watau larurorin da ke tasowa tare da girman ƙwaƙwalwa. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne tafiyar da uba ke yi don ya samo wa irin yaron nan shaidar likita da kuɗin aljihunsa, da abin da shaidar ke zama in ta isa hannun hedimasta.

Sunan da aka sa masa a gida

Kafin yaron ya ga likita, an rigaya an sa wa halinsa suna a tsakar gida. Wani a ce bebe ne, wani dolo ko gaula, wani daƙiƙi, wani mai ƙiriniya ko mai taurin kai. Wani a ce iska ce ta shafe shi. Mafi nauyi duka shi ne a ce ɗan ruwa ne, domin wannan suna yana cire yaro daga cikin 'yan Adam ɗungum. A 'yan shekarun nan gidajen rediyo sun yaɗa kalmar galahanga, amma ita ma ba ta tsaya wuri guda ba: a kan kira yaron da ba ya magana da ita, a kan kira wanda jikinsa ya saki da ita, a kan kuma kira wanda aka haifa da ƙarancin fahimta da ita, alhali larurori ne dabam dabam.

Ba wasan baki ba ne wannan, domin kowane suna yana tafe da maganinsa. Mai taurin kai bulala a ke ba shi. Wanda iska ta shafa a kan kai shi ga malami ko boka, a yi rubutu da hayaƙi da ruƙiya. Daƙiƙi kuwa cire shi a ke yi daga makaranta a ba shi fartanya ko sandar kiwo. Wanda ya gagara, in ya tasa, ƙarshensa ya kan zama gidan mari. Irin waɗannan gidaje ne 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Daura da Katsina cikin 2019, suka tarar da manya da yara a ɗaure. Ba wuya a gane yadda yaron da ba a fahimci ciwonsa ba zai faɗa cikinsu.

Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, ya lura da wani abu da ya dace da wannan magana, ya kuwa rubuta shi a 1981. Ya ga cewa sau da yawa mutane ba su matsa wa kansu sanin ainihin sunan ciwo ko asalinsa, har rashin sanin ya zama wani sashe na yadda a ke zama da cuta. Akwai hikima cikin haka. Ciwon da ba a ambata ba bai zama tambari ga gida ba, bai hana 'yan'uwan yaro aure ba. To, uban da ya ɗaura niyyar neman takardar likita ya saɓa wa wannan tsohuwar al'ada ke nan, kuma galibi makaranta ce ta tura shi, domin makaranta ita ce wurin da a ke jera yara sa'o'in juna a auna su da mudu ɗaya.

Sunan da likita ke sawa

Larurar da Turawa ke kira otizim, wani likita ne a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943, bayan ya duba yara 11. Ginshiƙanta biyu ne: wahalar cuɗanya da sadarwa da mutane, da kuma naci kan abu ɗaya, kamar jera duwatsu, ko kaɗa hannu, ko tashin hankali in an sauya hanyar da aka saba bi. Ta fi bayyana ga maza, gado yana da babban hannu a cikinta, kuma masu ita sun bambanta ƙwarai, daga wanda ba ya magana sam har zuwa wanda zai gama jami'a. An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne. Sai a 1978 Victor Lotter ya buga bincikensa na wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, inda ya sami yara masu ita, ko da ya ke kaɗan ne. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 ita ce kamar yaro 1 cikin 100. Larurar rashin natsuwa da yawan motsi ta fi wannan yawa, wajen yara 5 cikin 100, kuma tun 1902 likita George Still ya yi bayaninta a Landan.

Amma a ƙasar Funtuwa da Malumfashi dole likita ya fara tunanin wasu abubuwa kafin waɗannan. Doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, da shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, da tamowa, da sanƙarau, duk suna barin tabo a ƙwaƙwalwa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa akwai da yawa da suka kurumce. A maƙwabciya Zamfara gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a 2010, ta kuma raunana fahimtar wasu da dama. Allurar rigakafi kuwa ba ta cikin dalilan. Rubutun da ya ɗora mata laifin otizim a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunan marubucin daga rajistar likitoci.

Hanyar asibiti

Malumfashi ba baƙuwar ilmin likita ba ce. A da asibitinta yana cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, a cikin shekarun 1970 kuma aka yi babban bincike a can kan cututtukan da suka zauna wa ƙasar, wanda masana har yanzu su ke ambata. Sai dai waɗancan cututtuka ne masu ƙwayar da a ke gani a madubin likita. Larurar da a ke magana a kanta ba ta fitowa a gwajin jini, ba ta kuma fitowa a hoton kai. Ido da kunne da haƙurin ƙwararre ne kaɗai ke gano ta, ƙwararrun kuwa suna manyan birane. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, waɗanda suka keɓanta ga yara kuma ƙalilan ne cikinsu.

Don haka mutumin Funtuwa ya kan nufi Asibitin Koyarwa na Shika kusa da Zariya, tafiyar da ba ta kai mil 50 ba, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Mutumin Malumfashi ya kan zaɓi Asibitin Malam Aminu Kano, ko ya hau arewa zuwa Katsina. Mai hali ya kan zarce asibitin kuɗi a Kaduna ko Kano ko Abuja.

A nan akwai bambanci da ya kamata a fahimta. A Ingila, inda magani kyauta ne amma layi ya yi tsawo, iyaye su kan biya likitan kuɗi don su tsallake jira, sa'an nan su shiga gardama da hukuma kan ko za ta yarda da takardarsa, domin a can akwai dokar 2014 da ta sa rubutaccen shirin taimakon yaro ya zama wajibi a kan hukumar yanki. A Nijeriya kuwa kowa biya ya ke yi. Ko a asibitin gwamnati akwai kuɗin kati da na gwaji da na mota da na kwana, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Abin da asibitin kuɗi ke sayarwa shi ne lokaci da sutura: a gan ka yau, a saurare ka a natse, kuma kada wani ɗan garinku ya hango ka a ƙofar da jama'a ke kira asibitin mahaukata. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya mata.

Tsadar wuri fa ba ita ce shaidar ingancin bincike ba. Bincike na gaskiya yana da alamu. Da fari a kan auna jin yaro da ganinsa, don kada a sa wa kurma sunan da ba nasa ba. A kan tambayi labarin ciki da haihuwa, da lokacin da ya zauna, ya yi rarrafe, ya yi tafiya. A kan tambaya ko yana suma ko ɗaukewar 'yan daƙiƙu, domin farfaɗiya ta kan zo tare da waɗannan larurori, ita kuwa tana da magani. A kan zauna a kalli yaron yana wasa. Wanda ya dubi yaro minti biyar ya rubuta suna, ya haɗa da jerin magunguna masu tsada da alkawarin warkewa, ciniki ya yi. Har yau babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Abin da ke taimako shi ne koyarwa da wuri, da horar da iyaye, da gyaran yadda a ke zama da yaron.

Wani kuskure da a ke yawan yi shi ne uba ya ɗauki yaro shi kaɗai, ko ya aiki ƙanensa, a bar uwa a gida. Uwa kuwa, ko kaka, ita ce ta san daren da ya yi zazzaɓi har ya sanƙare, da watan da ya daina cewa "mama" bayan ya fara. In babu ita rabin littafin ya ɓace.

Inda mudun baƙo ke saɓa wa al'ada

Yawancin tambayoyin da a ke auna yara da su an tsara su ne a Turai da Amurka, likita kuma ya kan juya su zuwa Hausa nan take da baki. A nan ne masanin Hausa ya ke da abin cewa. Ana tambaya ko yaro yana kallon mutum cikin ido. To, a ƙasar Hausa ana koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, wanda ya zuba wa baƙo ido kuma mara kunya ne. Likitan da ya san haka zai tambaya ko yana kallon uwarsa sa'ad da ta ke ba shi abinci, ko yana haɗa ido da sa'o'insa. Ana tambaya ko yana amsa sunansa. Wane suna? Yaron da aka mai da wa sunan kakansa, Abba ko Baffa a ke kiransa, ɗan fari kuwa sau da yawa uwarsa ba ta ambatar sunansa saboda alkunya, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Baƙon likita zai iya ɗaukar wannan kawaici a matsayin sanyin uwa, alhali ladabi ne. Ana tambaya ko yana wasan kwaikwayo da 'yar tsana ko ƙaramin kofin shayi. Yaron ƙauye motar kara ya sani, yarinya kuma girkin ƙasa a gwangwani. Ma'anar tambayar tana nan, kayan wasan ne suka bambanta.

Haka kuma jinkirin magana. Ana yawan cewa namiji ba ya saurin baki, ko kuwa babansa ma haka ya yi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma ƙwararre yana iya gane otizim tun yaro yana shekara biyu, kowace damina da aka ƙara ana jira kuma tana cin shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyarwa.

Takarda ta iso makaranta

A ce uba ya sayar da buhunan masara, ya yi zuwa uku, ya dawo da takarda mai hatimi. Ya shiga ofishin hedimasta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da likita ya rubuta." Me zai biyo baya?

A rubuce doka tana tare da shi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe babi ga ilmi na musamman. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko ya zama kyauta kuma tilas ga kowane yaro. Dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da su. Amma makarantar firamare a hannun jiha da ƙaramar hukuma ta ke, dokar Tarayya kuma ba ta bi hedimasta har ofishinsa ta gaya masa abin da zai yi da takardar likita ran Litinin da safe ba. Ajin da yara suka haura ɗari gaban malami ɗaya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki.

Abin lura shi ne hedimasta ba ya cika musun takardar. Ba ya tambayar ko daga asibitin gwamnati ta fito ko na kuɗi. Hatimi da Turanci sun ishe shi. Haɗarin yana cikin yardar tasa ne. Kafin takarda yaron mai ƙiriniya ne kawai, yana shan duka amma yana cikin rajista. Bayan takarda ya zama mara lafiya, sai a ce wa uban cikin ladabi, "Alhaji, mu nan ba mu da kayan aikin irin waɗannan, a nema masa makarantarsu." Mai makarantar kuɗi kuma yana da nasa lissafin, domin yana tsoron kada sauran iyaye su kwashe 'ya'yansu. Ta haka takardar da aka saya don ta buɗe ƙofa ta kan zama ita ce ta rufe ta.

Makarantarsu kuwa ina ta ke? Ilmi na musamman a Arewa an gina shi ne kan makanta da kurumta. A Malumfashi akwai makarantar kurame ta gwamnati, a Katsina akwai ta makafi, a Kano akwai ta Tudun Maliki. Ko Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilmi na musamman na Jami'ar Bayero da ta Jos, ba su isa su ba kowace firamare malami ba. Saboda kusancin makarantar kurame, da sauƙi a ce duk yaron da ba ya magana a kai shi can. Maganar hannu ta kan taimaki wasu, amma yaron da kunnensa ke ji garau, matsalarsa ta cuɗanya ce, ba a warware masa ita don an sa shi cikin kurame ba.

Sa'an nan akwai makarantar allo da Islamiyya, waɗanda takardun hukuma ba su ambata ba, alhali nan ne yaron ke fara zama gaban malami. Sau da yawa alaramma ne farkon wanda ke gane cewa wannan almajiri ba kamar saura ba ne. Tsarin allo ma yana da abin da aji ba shi da shi: kowane yaro da darasinsa, ba a wanke masa sai ya riƙe, ba a kuma ce ya faɗi don wani ya wuce shi. Wasu masu otizim suna da ƙarfin hadda na ban mamaki. Abin da ke ɓata wannan alheri dorina ce. Bayanin da aka kai wa hedimasta ya kamata a kai wa alaramma, da baki, ta hannun wanda ya ke ganin girmansa.

Abin da ya kamata takardar ta ƙunsa

Tun da babu dokar da za ta fassara sunan ciwo zuwa aiki, sai takardar ta fassara kanta. Layi biyu na Turancin likita ba su gaya wa malamin aji biyu kome ba, sai dai su tsorata shi. Uban da ya biya kuɗinsa yana da ikon ya roƙi shafi na biyu, da Hausa ko da sassauƙan Turanci, mai faɗin abu uku a fili: cewa larurar ba hauka ba ce kuma ba a ɗaukarta, cewa likita ya ga ya dace yaron ya ci gaba da zama a ajinsa, da kuma abin da malami zai yi wanda ba ya cin ko kwabo. A zaunar da shi gaba, nesa da taga. A ba shi umurni ɗaya ɗaya, a gajarce. Mai yawan motsi a riƙa aikensa goge allo ko karɓo alli, don ya motsa da izini. Wanda hayaniya ke firgita a bar shi ya fita ya huce. Wanda karatu ke yi wa wuya a tambaye shi da baki. A ɗauke masa bulala. Likita ya kuma faɗi abin da yaron ya iya, domin malami ya fi riƙe yaron da aka ce ya iya lissafi bisa wanda aka jera masa naƙasu kaɗai.

Ya fi kyau ma a jawo malamin tun kafin a tafi asibiti. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a tabbatar da larurar rashin natsuwa sai an ga alamunta a wuri biyu ko fiye, kuma sun fara kafin shekara 12. Watau likita na gaskiya yana bukatar shaidar malami. Malamin da aka ce ya rubuta abin da ya gani ya zama yana da hannu cikin maganar, da wuya ya juya ya ce a kwashe yaron. In duk da haka aka ƙi, sama da hedimasta akwai sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, akwai kwamitin makaranta wanda galibi mai unguwa ko liman ke ciki, akwai kuma hukumar ilmin firamare ta jiha a Katsina.

Takardar kuma a adana ta, a riƙa kai hotonta a bar ta asali a gida. Malamai ana yi musu canji, abin da aka shirya da malamin aji uku ba ya bin yaro zuwa aji huɗu sai an sake faɗa. Za a bukace ta ranar shiga ƙaramar sakandare, inda malamai goma ke shiga aji maimakon ɗaya. Za a kuma bukace ta in Allah ya kai shi jarrabawar shiga jami'a, domin hukumar JAMB tun 2017 ta kafa sashe na musamman don makafi, daga baya ta faɗaɗa shi ya haɗa da masu otizim da wasu larurori.

Saura 'yan mata. Yarinyar da ba ta magana da mutane, tana zaune a lungu tana jera tsinke, yabo ta ke samu: an ce mai kunya ce, ba ta da rawar kai. Ba ta damun malami, don haka ba wanda ke kiran ubanta, ba kuma wanda ke sayar da buhun masara dominta. Sau da yawa ba a farga da halinta sai an kai ta ɗakin miji.